Darasin Zane-zane: Hannu na Aiki, Baki na Tambaya



Ran da na gaya wa mahaifina cewa na zaɓi darasin zane-zane cikin darussan da zan rubuta a jarrabawar fita, yana zaune a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Bai ko ɗaga kai ba ya ce, "Watau duk wahalar da nake sha a kan karatunka, ta zanen tsuntsu ce?" A ranar ban sami abin da zan ce masa ba. Na kuwa sani ba shi kaɗai ke da wannan tambaya ba. Iyaye da yawa a nan Rogo Ruma, da sauran garuruwan ƙasar Rogo da Ƙaraye, suna ɗaukar wannan darasi wasan yara ne, wasu ɗalibai kuma suna shigarsa don suna zaton nan ne wurin hutawa. To, nufina a nan in bayyana yadda ake koyonsa, domin kowa ya gani da idonsa ko wasa ne ko karatu.

Mene ne darasin zane-zane?

Abin da ake nufi da shi ya fi zane da fensir faɗi. Ya haɗa da shafa launi, da ginin tukwane, da rini da tsara adon tufafi, da sassaƙa, da rubutun ado, da zanen alluna da bangon littattafai. Duk wani abu da hannu zai ƙera domin ido ya gani ya ji daɗi, ko ya fahimci wani saƙo, yana cikinsa. Hukumomin WAEC da NECO duka suna shirya jarrabawa a kansa, kuma jarrabawar fuska biyu gare ta. Akwai ta rubutu, inda ake tambayar ƙa'idojin aikin da tarihinsa, akwai kuma ta aikin hannu, inda za a ajiye maka abu a gabanka a ce ka zana, ko a ba ka batu a ce ka tsara.

Ba yau aka fara koyar da shi ba. Lokacin da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano cikin 1909, ya sa sashen koyon sana'o'in hannu a cikinta. A Ikko kuma Aina Onabolu ya yi ta koyar da zane a makarantu tun cikin shekarun 1920, har gwamnati ta ɗauko wani malami, Kenneth Murray, daga Ingila cikin 1927 don ya taimaka.

Darasin ƙafa biyu gare shi: aikin ɗakin zane, da bincike. Wanda ya riƙe ɗaya ya saki ɗaya, ɗingishi zai yi ta yi.

Ƙafa ta farko: aikin ɗakin zane

Ɗakin zane shi ne wurin da hannu ke koyon bin umurnin ido. Abu na farko da malaminmu ya ajiye mana a kan tebur tulu ne, duk muka yi dariya, don wa bai san tulu ba? Da muka gama sai ya jera takardunmu a bango. Kusan kowa ya zana bakin tulun a kewaye kamar faifai. Ya ce mu koma mu sake dubawa. Ashe daga inda muke zaune bakin tulun ba a kewaye yake ba, a shafaɗe yake kamar ƙwai kwance. Mun zana abin da muka sani, mun bar abin da muke gani. Wannan shi ne babban kuskuren mai koyo, kuma gyara shi ne aikin shekarar farko.

Ga yadda ake awo da ido. Ka miƙe hannunka sosai riƙe da fensir, ka rufe ido ɗaya, ka daidaita bakin fensir da saman abin, ka sa babban yatsa inda kake so awon ya tsaya. Da wannan za ka san faɗin tulun sau nawa zai shiga cikin tsawonsa, da kuma girman wuyansa in an gwada da cikinsa. Bayan awo sai haske da inuwa. Ka duba ta ina haske ke shigowa, ta taga ko ta ƙofa. Gefen da ke fuskantar haske ka bar shi fari, ɗaya gefen ka yi ta duhunta shi a hankali, sa'an nan kada ka manta da inuwar da tulun ya jefa a kan tebur. In babu ita, sai ka ga tulu yana lilo a sama. Daga nan sai nisa da kusa: in ka tsaya a bakin hanya ka hangi nesa, za ka ga gefunanta biyu suna matsowa kamar za su haɗu, itatuwan da ke can ƙarshe kuma sun ƙanƙance sun yi dishi-dishi. Haka za ka sa su a takarda.

Launi ma yana da ƙa'ida. Iyayen launi uku ne: ja, da rawaya, da shuɗi. Ja da rawaya su ba ka ruwan lemo, rawaya da shuɗi su ba ka kore, ja da shuɗi su ba ka shunayya. Wanda ya san wannan, da kwalba uku zai yi aikin da wani ke nema da kwalba goma sha biyu.

Wani zai ce, ai mu ba mu da kayan aiki. Gaskiya ne fenti da takardar zane suna da tsada, kuma sai an je Kano ko Zariya ake samun masu kyau. Amma rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Ka sami siraran rassan itace, ka yanka su tsawon yatsa, ka cusa cikin gwangwani mai murfi, ka huda ƙaramin rami a murfin, ka tura cikin murhu. In hayaƙi ya daina fita ta ramin, ka janye ka bar shi ya huce, ka sami gawayin zane. Ƙaro da aka jiƙa shi ne ke riƙe launi a takarda, kamar yadda yake riƙe tawadar allo. Jar ƙasa da farar ƙasa, in an daka an tankaɗe an dama da ruwan ƙaro, fenti ne sosai. Karan dafi da dukawa ke rina fata da shi yana ba da ja, gangamau da saiwar rawaya suna ba da rawaya, baba kuwa shi ne uban shuɗi. Bayan kwali da tsohuwar kalanda sun isa wurin gwaji.

Abin da ba shi da madadi shi ne naci. Ka ware littafi guda don zane kawai, ka riƙa yin ko da zane ɗaya kullum, ka rubuta kwanan wata a ƙasansa. Abin zanawa bai ƙare mana ba: ɗaurin rake, zangarniyar dawa, keken Baba jingine da bango, rumfunan kasuwa, kwalekwalen masunta a madatsar ruwa ta Calawa da aka gama cikin 1992 a ƙasar Ƙaraye. Kada ka yaga shafin da ya ɓaci. Bayan wata uku ka buɗe shafin farko ka gwada da na ƙarshe, a nan za ka yarda da cewa da koyo akan iya.

Akwai kuma ranar da ake kafa ayyuka a bango kowa ya faɗi abin da ya gani. Ranar tana da zafi, domin ba wanda ke son a nuna kuskurensa a gaban jama'a. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A yi magana a kan aikin, a bar mai aikin.

Ƙafa ta biyu: bincike

Da yawa daga cikinmu in an ce bincike, sai su ɗauko waya su kwafi hoton wani daga intanet. Wannan kwafe ne. Bincike shi ne ka ɗauki tambaya guda, ka bi ta har ka sami amsa daga bakin waɗanda suka sani, da kuma daga gwajin hannunka.

Alal misali, ka tambayi kanka: me ya sa wata tukunya ke fashewa wajen gashi, wata kuma ta fito lafiya? Da farko ka nemi izinin iyaye da na malami, ka je wurin maginin tukwane. In ɗaliba ce, ta tafi tare da wata babba daga gida. Ka yi sallama, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka faɗi abin da ya kawo ka. Kada ka ɗauki hoto sai ya yarda. Ka tambaye shi inda yake haƙo yumɓu, da abin da yake haɗa shi da shi, da kwana nawa tukunya ke yi tana bushewa, da irin makamashin da yake gashi da shi. Ka zana kayan aikinsa ka rubuta sunan kowanne yadda ya faɗa. Ka rubuta rana da wuri da sunan wanda ya ba ka bayani, domin ilimin nasa ne, ba daidai ba ne ka kai makaranta kamar kai ka ƙago. Sa'an nan kada ka tsaya ga mutum ɗaya. Ka tambayi biyu ko uku, inda maganarsu ta saɓa, nan ne wurin gwaji.

Gwajin kuwa a ɗakin zane ake yinsa. Ka murza yumɓu kamar igiya ka naɗe a yatsa. In ya tsattsage, yashi ya yi masa yawa, in ya naɗu sumul, yana da danƙo. Ka yi ɗan tubali, ka ja layi mai tsawon santimita 10 a kansa, ka bar shi ya bushe a inuwa, ka sake aunawa. Abin da layin ya ragu shi ne yadda yumɓun ke tsukewa. Ka yi haka da yumɓun wurare biyu ko uku, ɗaya zalla, ɗaya da garin fasasshen kasko. A ƙarshe za ka gane cewa yawanci abin da ke fasa tukunya ruwa ne da ya saura a jikinta, wanda ke zama tururi in wuta ta kama shi da gaggawa. Ka ga ke nan tambaya ɗaya ta shigar da kai awo da lissafi da kimiyya.

Haka abin yake ga rini. A marinar Ƙofar Mata ta Kano, wadda ake cewa an kafa ta tun 1498, baba da toka da ruwa ake haɗawa a bar su su ruɓa kwanaki. In an tsamo zane daga rijiyar rini yakan fito da ɗan kore-kore, sai iska ta buge shi ya rikiɗe ya koma shuɗi. Abin da malamin kimiyya ke koya mana game da aikin iska a kan sinadarai, marina sun daɗe suna cin abinci da shi. Ko katsi, watau dattin da ke kwantawa a gindin rijiyar, ba a zubarwa: da shi ake haɗa laso, simintin kakanninmu. In kuwa ɗinki ka zaɓa, ka nemi babbar riga ka zauna da maɗinki ya nuna maka aska biyu da aska takwas da tambari. Ka gwada zana dagi a takarda mai gidaje-gidaje, za ka tarar ba ya ƙulluwa sai ka ƙirga gidajen daidai ta kowane gefe.

Bayan an tambaya an gwada, saura mataki na ƙarshe, shi ne ka yi naka. Ka ɗauki abin da ka samo ka fitar da sabon abu: adon atamfa daga zanen ƙwarya, ko bangon littafi daga zanen soro, ko tukunyar fure mai siffar randa. A nan ne ƙafafun nan biyu ke haɗuwa su yi tafiya.

Waɗanda suka bi wannan hanya

Zariya maƙwabciyarmu ce, kuma a can aka yi abin da ya sauya zane-zane a Nijeriya duka. Cikin 1958 wasu ɗaliban zane na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa ƙungiya. Cikinsu akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo. Yawancin malamansu Turawan Ingila ne, kuma irin zanen Turai ake koya musu. Ɗaliban nan ba su ƙi koyo ba, sai dai sun ce kowa ya koma ya binciki fasahar gidansu ya haɗa da abin da ya koya a aji. Uche Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, wanda mahaifiyarsa ta iya. Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin mutanensa Urhobo. Aka yi musu laƙabi da 'yan tawayen Zariya, daga baya kuwa suka zama manyan malaman zane na ƙasar nan. Lokacin da suka fara, samari ne ɗalibai.

Ku kuma duba bayan takardar naira 20, za ku ga wata mace tana ginin tukunya. Ita ce Ladi Kwali, Bagwariya, wadda ta koyi ginin tukwane a gida tun tana yarinya. Wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya zagaya ƙasar nan cikin 1950 yana binciken yumɓu, ya ga tukwanenta a gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau. Da aka buɗe cibiyar koyon ginin tukwane a Abuja ta dā, watau Suleja ta yanzu, ta shiga cikin 1954, ita ce mace ta farko. Ta koyi aiki da na'urar juya yumɓu da shafa ƙyalli, amma ba ta yar da siffar randar gidansu da zanen da take yi mata ba. Ta nuna aikinta a Ingila da Jamus da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa cikin 1977, ta rasu a 1984.

Bincike kuma yana ceton abin da zai ɓata. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, da ƙasa da azara, da bakan gizo masu ban mamaki. Wani masanin gine-gine mutumin ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya auna ginin ya zana shi, har aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Cikin Agusta 2023 wani sashe na masallacin ya rufta, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a ciki. Gini yakan tsufa ya faɗi, amma awo da zanen da aka ajiye suna nan ga masu zuwa. Haka kuma David Heathcote, wani malami a jami'ar Zariya, ya yi shekaru yana bin maɗinka da tambaya, har ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a London cikin 1976. In mutanen nesa sun ga abin tambaya a gidajenmu, mu da muke kwana a ciki fa?

Yau robobi sun kori tulu da ƙwarya daga gidaje da yawa, bulo da kwano sun maye gurbin tubali da soro, rijiyoyin rini da dama a Ƙofar Mata ba a aiki da su. Duk tsohon magini ko masaƙi da ya rasu ba a tambaye shi ba, ya tafi da abin da ya sani. Ɗan sakandare mai littafi da fensir zai iya tsare wani abu daga ciki.

Zuwa ga iyayenmu

Na san abu biyu ke damun iyaye. Na farko shi ne addini. Malamai sun yi bayani a kan hukuncin sassaƙa gumaka da suranta mai rai, kuma wanda ke da shakka ya kamata ya je ya tambaye su, ya kuma yi magana da malamin darasin. Amma filin yana da faɗi ƙwarai. Zayyanar da ake yi wa allo ranar saukar Alƙur'ani aikin gwanin zane ce. Haka rubutun ado, da ɗinkin hula, da adon gini, da saƙar faifai, da zanen itatuwa da gonaki. Kakanninmu Musulmi sun yi ɗaruruwan shekaru suna waɗannan ayyuka da mutuncinsu.

Na biyu shi ne abinci. Duk atamfar da ke Kantin Kwari, wani ne ya zauna ya tsara adonta kafin inji ya buga, kuma da yawa daga cikinta daga ƙasar Sin ake shigo da ita. Me zai hana mai tsarawar ya zama ɗanmu? Allon kanti, da kwalin magani, da hotunan littattafan firamare, da rigunan 'yan ƙwallo, duk aikin masu zane ne, ko da hannu ko da kwamfuta. Mai son zama masanin tsara gine-gine ma yana bukatar hannu mai zane. Wanda ya ci jarrabawa yana iya neman sashen zane-zane ko na tsara kayan masana'antu a Jami'ar Ahmadu Bello, ko ya shiga kwalejin horon malamai ya dawo ya koyar da ƙannenmu. Wanda kuma Allah bai nufa da wucewa gaba ba, ya fita da sana'a a hannu, kuma sana'a sa'a ce.

Abin da muke roƙo a wurinku kaɗan ne. Ku ba mu lokacin zane kamar yadda kuke ba mu lokacin lissafi. In mun zo da tambaya ku amsa mana, in ba ku sani ba ku nuna mana ƙofar wanda ya sani.

Ni dai da aka ba mu aikin bincike na zangon da ya wuce, rumbun gidanmu na zaɓa. Na kwana uku ina zana shi, na kai wa mahaifina a zaure ina ɗari-ɗari. Ya karɓa ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya ce, "Ina duwatsun da yake zaune a kai? Wannan rumbu naka gara za ta cinye shi kafin bazara." Na koma na duba, lalle na manta da su. Daga nan ya shiga ba ni labarin yadda kakana ke kwaɓa ƙasa da ciyawa, da yadda ake ɗora gini kaɗan-kaɗan a bar kowane zagaye ya sha iska kafin a ƙara wani, da dalilin da ya sa jinka ke zarce bango don ruwan sama kada ya ci shi. Na cika shafi huɗu da bayaninsa, na rubuta sunansa a ƙasa a matsayin wanda na samo ilimin daga gare shi. Har yanzu bai ce ya yarda da darasin ba. Amma ran kasuwar da ta wuce, da ya dawo ya miƙo mini fensir biyu, bai ce kome ba.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya sa albarka a hannuwanmu, amin. Wassalam.